Saudade: 'yar'uwar "sauda" ce ta Larabci, ko kamar suna ce kawai?

Saudatu_Gwammaja: Assalamu alaikum 'yan gida. Masu harsuna ku matso kusa. Ƙanena yana karatun likitan dabbobi a Birazil, bana shekararsa biyu. Ranar Juma'a muna waya sai matar gidan da yake haya ta karɓa don mu gaisa. Da ya faɗa mata sunana sai ta bushe da dariya, tana ta maimaita wata kalma. Ya ce wai sunana ya yi kama da saudade, kalmarsu ta kewa a harshen Fotugis, amma irin kewar nan mai danne ƙirji. Jiya kuma na ci karo da wani gajeren bidiyo, mai maganar yana rantsuwa cewa daga Larabci suka aro ta, daga "sauda", wato baƙa, tun zamanin Andalus. Ni dai na ji daɗi har na tura wa ƙawayena. Yanzu kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Gaskiya ne, ko na yaɗa ƙarya?

Mai_Shayi_02: Wa alaikumus salam. Anti, tunda kin riga kin tura, ki bar shi a gaskiya kawai, kowa ya huta.

Ɗan_Nampula: Asalinta ban sani ba, amma kalmar na sha ta har na ƙoshi. Shekara huɗu na yi a arewacin Mozambik, inda su ma ake jin Fotugis, ina harkar duwatsu. Tsohuwar da nake haya a gidanta, duk lokacin da na je gida Sallah na dawo, tun daga bakin ƙofa za ta dafa ƙirji ta ce "que saudades!" Da fari na ɗauka lafiyata take tambaya, don na riga na koyi saúde, wato lafiya, a jikin allon asibiti. Sai in ce mata lafiya lau. Wata shida ina ba ta wannan amsa tana kallona kamar wani mara imani, sai da jikanta ya fahimtar da ni cewa kewata take cewa ta yi.

Malam_Sibawaihi: Malama Saudatu, mai bidiyon bai faɗi abin da babu shi ba. Likitocin Musulmi na da, irin su Ibn Sina, sun tafi a kan cewa jikin mutum yana da ruwa huɗu: jini, balgam, safra'u da sauda'u. Idan sauda'u ta rinjaya sai mutum ya shiga baƙin ciki da yawan tunani da son kaɗaita. Larabawa kuma suna cewa "suwaida'ul ƙalbi", wato can tsakiyar zuciya inda so yake zama. Musulmi sun shiga Andalus a 711. Lisbon, babban birnin Fotugal, ba ta fita daga hannunsu ba sai 1147, kudancin ƙasar kuwa sai 1249. Mutanen da suka zauna tare fiye da shekara ɗari biyar, a ce kalma ɗaya ta baƙin ciki ba ta tsallaka ba? Ga lafazi ya zo ɗaya, ga ma'ana ta zo ɗaya. Sai dai sunanki da ta'un marbuɗa ake rubuta shi, sauda'u kuma da hamza, irin ta habbatus sauda. Saiwar ce ɗaya.

Ɗalibin_Coimbra: Allah gafarta Malam, a yi mini afuwa, zan saɓa. Abin da ka kawo na likitanci da tarihi duk haka yake, kuma ba mai bidiyo ne ya fara wannan magana ba. Wani masanin harshe ɗan Birazil, João Ribeiro, ya kawo ta tun farkon ƙarni na 20. Matsalar ita ce muna kwatanta kalmar Larabci da yadda ake faɗin saudade a yau, alhali tsofaffin takardu sun nuna ba haka take ba da can. A waƙoƙin ƙarni na 13 soidade take, wani wuri suidade, wani wuri soedade. Babu "sau" a farkonta ko kaɗan.

Wannan soidade kuwa ba a wahala wajen gano uwarta. A Latin solus shi ne mutum shi kaɗai, solitatem kuma kaɗaici. Harshen Fotugis yana da wata tsohuwar ɗabi'a: harafin l in ya faɗo tsakanin wasula biyu, zubewa yake yi. Dolorem, ciwo, ya koma dor. Colorem, launi, ya koma cor. Volare, tashi sama, ya koma voar. Shi kansa solus ya koma só. Maƙwabtansu 'yan Sifaniya ba su zubar ba, har gobe dolor, color, volar da solo suke cewa. Sannan t tsakanin wasula d yake komawa, kamar vita, rayuwa, da ya zama vida. To Malam ɗauki solitatem, cire l, mai da t ya zama d, ka ga abin da zai fito. Soidade. A Sifaniyanci kuma soledad, kuma a can har yau kaɗaici take nufi.

Abu ne irin wanda muke da shi a gida. Basakkwace ya ce zamna, sabka, abduga, Bakano ya ce zauna, sauka, auduga. Wanda ya san wannan ba zai je neman asalin "sauka" a wani harshe ba don kawai ta yi kama da wata kalma a can.

Mai_Shayi_02: Kama da wane ba wane ba ne ke nan. Anti Saudatu, a fara goge saƙo.

Malam_Sibawaihi: Malam ɗalibi, na ji, kuma bayanin ya yi tsari. Amma ka tsallake rami ɗaya. Ka kai mu soidade. To waye ya mai da "soi" ya zama "sau"? Ƙa'idar taka ba ta bayar da wannan ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Ɗalibin_Coimbra: Ranka ya daɗe, nan ne ainihin gardamar, kuma ka kama wurin da ya dace. Ƙa'idar sauti ba ta bayar da "au" a nan ba, wani abu ne ya ja kalmar daga gefe. Amsar da masana suka fi karɓa ta Carolina Michaëlis ce, Bajamushiya haifaffiyar Berlin da ta auri ɗan Porto ta zauna a can, mace ta farko da ta koyar a jami'a a Fotugal, a nan Coimbra. A 1914 ta fitar da nazari a kan kalmar nan kaɗai. Ta ce maƙwabtan kalmar ne suka ja ta: saúde, lafiya, da saudar, gaisarwa, da saudação, gaisuwa, dukkansu daga salus na Latin. Ka duba inda ake amfani da su. Wanda yake nesa in zai aika saƙo gida, gaisuwa yake aikawa, da fatan lafiya, da cewa yana kewa, a numfashi ɗaya. Har yau a Fotugal in za ka je wurin wani sai a ce maka ka kai masa saudades, kamar yadda muke cewa a gaida gida. Kuskuren da @Ɗan_Nampula ya yi wata shida yana yi, shi bakin mutane ya yi a hankali har ya zauna.

Ɗan_Nampula: Allahu akbar. Ashe ni ilimi nake yi ban sani ba. Da tsohuwa tana raye da na kai mata wannan hujja.

Malam_Sibawaihi: Wannan ma ai zato ne, ba wanda ya tsaya a kansu lokacin da bakin ya juya. In gaisuwa za ta iya jan kalma, me zai hana sauda'u ta ja ta? Fotugis cike yake da Larabci. Açúcar sukari ne, azeite az-zait ne, alfaiate al-khayyaɗ ne, tela. Sunan Algarve ma al-Garb ne, yamma. Har oxalá suke cewa in suna fata, da sunan Allah a ciki.

Ɗalibin_Coimbra: Zato ne, Malam, ban musa ba, amma zato ma wani ya fi wani ƙafafu. Na ɗaya, lokaci. Siffar "sau" ba ta yi ƙarfi ba sai bayan mulkin Musulmi ya daɗe da ƙarewa a Fotugal. Lokacin da Larabci yake kusa, soidade ake rubutawa. Na biyu, wuri. Waƙoƙin nan na farko harshen arewa ne, Galisiya da bakin kogin Minho, inda Larabci ya fi ƙarancin tasiri. Na uku, dubi misalan da ka kawo da kanka: yawancinsu sun shigo da "al" ɗinsu a manne, kamar albasa, alƙali, allura da aljihu a wurinmu, kuma sunayen kaya ne da sana'a da wurare. Wutsiyar "dade" kuma ta Latin ce tsantsa, ita ce a cidade, birni, da verdade, gaskiya.

Amma ga abin da zai faranta maka. Akwai inda sauda'u ta tafi da gaske, sai dai gabas ta yi. Turkawa sun are ta ta zama sevda, so mai tsanani, har suna cewa kara sevda, baƙin so, wanda yake kwantar da mutum. Daga Turkanci ta shiga Bosniya ta zama sevdah, har ta ba wa waƙoƙinsu na bege suna. Wannan babu gardama a kansa. Ina jin shi ya sa mutane suke haɗa su, don waƙoƙin Bosniya da waƙoƙin fado na Lisbon duk masu sa hawaye ne.

Tsohon_Hedimasta: Yara, ku bar ni in sa baki. Mu abin da muka karanta a tarihi shi ne mutanen Fotugal matuƙa jirgin ruwa ne. Vasco da Gama ya tashi daga Lisbon a 1497, ya zaga ta ƙasan Afirka ya isa Indiya a 1498. Maza su tafi shekara biyu, uku, da yawa ba sa dawowa, ba gawa ba kabari. Matan da aka bari a bakin teku su suka haifi wannan kalma. Ni haka na fahimta.

Hajiya_Laburare: Baba Hedimasta, Allah ya ƙara girma. Tafiye-tafiyen sun ƙara wa kalmar nauyi, wannan haka ne, amma sun tarar da ita da furfurarta. Sarki Dinis na Fotugal, wanda yake mawaƙi ne, ya yi amfani da soidade a waƙarsa, kuma ya rasu a 1325, fiye da shekara 170 kafin da Gama ya tashi.

Ni wanda ya fi ba ni sha'awa a labarin nan Sarki Duarte ne, wanda ya yi mulki daga 1433 zuwa 1438. Ya rubuta littafin nasiha mai suna Leal Conselheiro, a ciki ya zauna ya rarrabe nau'o'in ɓacin rai ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsince shinkafa. Da ya zo kan suidade, haka ya rubuta ta, sai ya ce abu ne na zuciya da ba daga hankali yake tasowa ba, wani lokaci ya zo da daɗi, wani lokaci da ciwo. Shi ne kuma ya ce bai san kalma irinta a Latin ko wani harshe ba. Wato wannan kirari na "ba ta fassaruwa" ya kusa shekara 600.

Abin da ya sa na yarda da shi, mutumin ya san ciwon da kansa. Yana da shekara 22 mahaifinsa yana shirin yaƙin birnin Ceuta da ke arewacin Afirka na 1415, sai ya ɗora masa harkokin mulki. Aiki ya danne shi, ya daina fita farauta, ya faɗa cikin baƙin ciki da tsoron mutuwa fiye da shekara uku. Likitoci suka ba shi shawarar giya da mata, ya ƙi. Ya ce farkon sauƙinsa shi ne lokacin da annoba ta kama mahaifiyarsa yana jinyarta, damuwa da ita ta mantar da shi kansa. Wannan ciwo bai kira shi suidade ba. Sunan baƙar ɗaciya ya ba shi, na likitocin zamanin, kuma a babi daban ya yi maganarsa.

Malam_Sibawaihi: To ai baƙar ɗaciyar nan ita ce sauda'u, Hajiya.

Hajiya_Laburare: Ita ce, Malam, shi ya sa na kawo. Girkawa suka fara kiranta melankoliya, Larabawa suka fassara. Ga mutumin da ya san ciwon sauda'u a jikinsa, ya san suidade a zuciyarsa, ya ajiye su wuri biyu. Da kalma ɗaya ce da shi zai fara faɗa.

Sista_Mai_Dare: Na gode Hajiya, kin taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Ina aiki a ɓangaren masu taɓin hankali shekara goma sha ɗaya. Saudade ba sunan cuta ba ne, babu likitan da zai rubuta ta a kati, su ma a can suna da depressão don ciwon damuwa. Wadda aka taɓa ɗauka cuta ita ce nostaljiya. Wani ɗalibin likita, Johannes Hofer, shi ya ƙirƙiri kalmar a Basel a 1688, ya haɗa kalmomin Girkanci biyu, komawa gida da ciwo, don sojojin hayar Suwizalan da suke ramewa a ƙasashen waje saboda begen gida.

A aikace bambancin a bayyane yake. An taɓa kawo mana wata dattijuwa, 'ya'yanta sun ɗauko ta daga ƙauye sun ajiye a bene a birni, ga fanka ga talabijin. Ta daina magana, suka ce ta zautu. Da dare na zauna kusa da ita na tambaye ta awakinta nawa. Sai ga baki ya buɗe. Ta lissafa mini su da sunayensu, har da wata gurguwa da take ba dusa a hannu, tana dariya tana share hawaye da bakin zani. Ta ci tuwo a daren. Mai ciwon damuwa na gaske, ko abin da ya fi so ka ambata masa, fuskar ba ta motsi. Ta dattijuwar nan kewa ce. Likita ya ce a mai da ita gida.

Sai dai kar a ce na ce kewa ba ta zama ciwo. In mutum ya yi rashi, aka yi watanni da yawa begen mamacin ya hana shi ci da barci da aiki, a kai shi asibiti, kar a tsaya ana cewa sai haƙuri.

Uwar_Biyu: Sista kin sa ni kuka da rana tsaka. Kakata ce sak.

Maraɗi_Kolliya: Ni inda nake da ja shi ne wannan magana ta cewa ba ta fassaruwa. Sarkin nan bai ji Hausa ba ne. Ku duba kewa. Kakata in ta shiga gidan da mutane suka watse sai ta ce gidan nan da kewa yake, wato babu kowa, shiru. Mu kuma mu ce ina kewarki. Kalma ɗaya ta ɗauki kaɗaicin da kuma rashin wanda ya tafi. In na fahimci ɗalibin Coimbra, hanyar da saudade ta bi ke nan, daga zama kai kaɗai zuwa tunanin wanda ya bar ka kai kaɗai. Su sun yi shekaru ɗaruruwa suna tafiyar, mu tamu tana riƙe da duka biyun.

Hajiya_Laburare: Kewa ta ɗauki rabi. Ina daɗin da Duarte ya ce yana ciki? Kewa ba ta da zaƙi. Ni bege nake gani ya fi kusa, don mai bege yana jin daɗin begensa, ba ya son a raba shi da shi. Ka dubi masu begen Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, suna kuka suna murmushi, kuma ba su taɓa ganinsa ba.

Maraɗi_Kolliya: Hajiya, ai nan ne bege ya kauce. Ana begen wanda ba a taɓa gani ba. Saudade kuwa, yadda na ji, sai abin da ka taɓa samu ya kuɓuce. Sabo ake yi wa kuka.

Malam_Sibawaihi: Ku haɗa da shauƙi, shi dai ba mai musun daga Larabci yake. Ko shi ma za a ce Latin ne?

Ɗalibin_Coimbra: Wannan na bar maka shi, Malam, da hannu biyu. Kan batun fassara kuma, mutanen Romaniya suna da dor, Jamusawa suna da Sehnsucht, 'yan Galisiya ma suna da morriña a gefen saudade, kowa yana cewa tasa ba ta da na biyu. Abin da ya bambanta Fotugal shi ne sun mai da tasu tuta. Bayan an kifar da sarauta a 1910, wani mawaƙi, Teixeira de Pascoaes, ya kafa aƙida sukutum a kanta, wai ita ce ruhin al'ummarsu. António Sérgio ya fito ya yi masa raddi, yana ganin wannan kallon baya ne, ƙasa kuwa makarantu da aiki take bukata. Su ma ba su taɓa haɗuwa a kan magana ɗaya ba. A maƙabartar da ke kusa da inda nake zaune, kusan kowane dutse an rubuta "eterna saudade". Mamaci kuma saudoso ake ce masa, kusan yadda muke cewa marigayi.

Ƙanin_Saudatu: Yaya, ashe har nan kika kawo ni. Salamu alaikum jama'a, ni ne mai laifin. A nan ba "saudade" suke furtawa ba, "saudaji" suke cewa, shi ya sa matar ta ji kamar sunanki. Ranar 30 ga Janairu ma ranar saudade ce a ƙasar nan. In ka daɗe ba ka ga mutum ba kuka haɗu, sai a ce an zo matar a saudade, wato kashe ta, kamar yadda muke kashe ƙishirwa. Mu ɗebe kewa muke yi, su kashewa suke yi.

Akwai wata kalmar da malaminmu ya ambata wadda ta fi tsaya mini a rai: banzo. Sunan da aka ba wa halin da bayin da aka kwaso daga Afirka suke shiga. Mutum ya daina magana, ya daina cin abinci, ya zauna har ya mutu. Wani Oliveira Mendes ya gabatar da bayaninta a gaban majalisar masana kimiyya ta Lisbon a 1793, a cikin cututtukan da suke kashe bayi. Ita ba daga Latin take ba, daga harsunan Angola da Kongo ake danganta ta. Wasu sun ce daga mbanza, gari, wato begen garinsu. Wasu sun ce daga kalmar tunani.

Mai_Shayi_02: Banzo? To wannan kam tamu ce. Banza. An sace mutum an kai shi wata duniya, ya ga rayuwa ta zama banza. Na warware muku, a kawo kuɗin shayi.

Ɗalibin_Coimbra: Mai shayi, ka ga irin abin da mai bidiyo ya yi, kai ma ka yi shi cikin minti ɗaya. Lafazi ya yi kama, ma'ana ta ɗan yi kusa, shi ke nan an ɗaura aure.

Ɗan_Zangon_Nima: Kar ku yi wa mai shayi dariya da yawa, kalmar ba tamu ba ce amma mutanenmu suna cikin waɗanda abin ya ci. An kai Hausawa Bahia ta Birazil da yawa a farkon ƙarni na 19, su ne a gaba wajen yunƙurin tawaye na 1807 da na 1814. A babban tawayen Musulmi na Salvador, babban birnin Bahia, Janairun 1835, cikin azumi, Yarbawa ne suka fi yawa amma akwai Hausawa. Bayansa ne wasu suka dawo gaɓar nan. A Ankara ta Gana muna da zuriyarsu, ana ce musu Tabom, daga "tá bom" da suke yawan faɗa, wato ya yi kyau. Gidansu na farko yana nan a Jamestown, ana kiransa gidan Birazil. Abin da yake ɗaure mini kai, waɗanda suka dawo ɗin sun riƙe sunayen can da girkin can da ginin can. Ko wace ƙasar suke kewa a ƙarshe, Allah masani.

Sista_Mai_Dare: Wannan banzo ɗin, yadda ƙanin Saudatu ya siffanta shi, ba irin na dattijuwata ba ne. Ƙin abinci har mutuwa ya wuce kewa. Kuma ku lura waye ya ba wa kowanne suna. Sarki ya zauna ya siffanta tasa da alƙalaminsa. Bawa kuwa wani ne ya rubuta nasa, a lissafin asarar kaya.

Tsohon_Hedimasta: Hajiya Laburare, na karɓi gyara, 1325 ta riga 1497, ko ɗan aji uku ya san wannan. Amma ban janye duka ba. Kalma tana iya tsufa kafin ta yi nauyi. Ƙasar da mutanenta ba su daina fita ba, daga jiragen Indiya zuwa Birazil, zuwa masu tsallakawa Faransa a ɓoye a shekarun 1960 suna gudun talauci da yaƙin mulkin mallaka, dole kalmar rabuwa ta yi kiɓa a bakinsu. A tsibiran Cabo Verde ma na ji sodade suke cewa, su da aka riƙa kwasa aikin gonakin koko a São Tomé.

Ɗalibin_Coimbra: Haka ne Baba. Sodade ɗin ma na so in riƙe ta hujja, tunda babu "au" a ciki, amma ba zan yi ba, don bakin mutane yana iya mai da "au" ya koma "o" daga baya. Kar Malam ya kama ni.

Malam_Sibawaihi: Da na kama ka kuwa. Ni matsayata ita ce: uwa Latin ce, na sallama. Amma wanda ya yi mata wankan jego ban yarda an gama gano shi ba. Zan duba ƙamusun Larabcin Andalus in ga yadda suke furta sauda'u a can, in na samu abu zan dawo.

Saudatu_Gwammaja: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na koma wurin ƙawayena na ce musu a dakata da maganar Larabci, malamai suna kan bincike. Ɗaya ta ce ita ta riga ta tura wa mutum arba'in. Kai kuma auta, tunda ka iya kashe kewa da bakinsu, me ya hana ka kiran Umma tun ranar Lahadi?

Ƙanin_Saudatu: Jarrabawa ce, Yaya, yau da dare zan kira. In akwai mai tahowa a aiko mini da yaji da kuka da daddawa. Kilishi kar a sa, ƙwacewa suke yi a filin jirgi.

Ɗan_Nampula: A naɗe daddawar cikin leda uku a sa a gwangwani, in ba haka ba duk kayanka sun gama. Ni ta ɓare mini a jaka a Addis Ababa, har Nampula mutumin da ke kusa da ni bai sake juyowa ba.